Wai da gaske hanta ce ke dafa jini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. A cikin littattafan marigayi kakana na tsinci wani na ɗibbu da Larabci, na ga an rubuta wai hanta ce ke yin jini, huhu kuma aikinsa yi wa zuciya fifita. Mu kuwa a aji an ce mana a ɓargo ake yin jini. Shin magabata ne suka yi kuskure, ko Larabcina ne da saura?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan kakanki. Larabcinki lafiya lau yake, haka suka rubuta. Wannan ilimi na Girkawa ne tun asali, shi ya sa ake ce masa ɗibbun Yunani, don Yunan ne sunan Girka da Larabci. Jigonsa Jalinus, wanda aka haifa a shekarar 129 a Fargamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Hunainu ɗan Is'haƙ ya juya littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, sannan Ibn Sina ya tsara ilimin a littafinsa Al-Ƙanun, wanda ya kammala a 1025.

Su a wajensu jiki ɗakin girki ne. Tumbi shi ne tukunyar farko, yana dafa abinci har ya zama ruwa-ruwa mai kauri da suke kira kailus. Daga nan jijiyoyi su kwashe shi zuwa hanta, ta sake ɗora sanwa. To, kin san tukunya in ta tafasa. Kumfar da ta taso sama ita ce safra'u, ta tafi maɗaciya. Guggubin da ya kwanta a gindi shi ne sauda'u, saifa ta janye shi. Abin da bai gama nuna ba ya zama balgamu, wanda ya nuna daidai kuma shi ne jini. Ruwan da ya rage ƙoda ta tsotse, ya fita fitsari. Lafiya ita ce waɗannan huɗun, wato jini da balgamu da safra'u da sauda'u, su zauna bisa ma'auni.

Inda ya fi burge ni shi ne ba su bar komai ya tafi a banza ba. Sun ce saifa takan tura ɗan sauda'u bakin tumbi, tsaminsa ya tsikare shi, mutum ya ji yunwa. Maɗaciya kuma ta zuba wa hanji safra'u, ta wanke shi, zafinta ya tuna wa mutum lokacin zagayawa ya yi. Kowace gaɓa ma, in ji su, tana da barori huɗu: mai jawo abinci, mai riƙe shi, mai narkar da shi, da mai korar saura. Shi ya sa likitansu in ya ga mai zawo, abinci na fita bai narke ba, sai ya ce mai riƙon ne ya yi sanyi, ya nemi magani mai ɗaure ciki.

A wajensu hanta ɗaya ce daga cikin shugabannin jiki uku. Zuciya ce murhun zafin rai, huhu na yi mata fifita don kada ta ƙone, kamar yadda kika gani. Ƙwaƙwalwa kuma ke riƙe da ji da motsi da tunani.

Yanzu ga inda aka kwana. A jikin baligi ɓargo ne ke yin ƙwayoyin jini, malamanku sun yi gaskiya, kuma sauda'u dai har yau ba wanda ya gan ta a saifa. Amma kada ki yi saurin yi musu dariya. Babbar jijiyar da ke kai abin da hanji ya tsotsa zuwa hanta tana nan yadda suka siffanta ta. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin nan na maɗaciya, ita ke haɗa yawancin sinadaran da ke sa jini ya daskare a bakin rauni, kuma ɗan tayi a cikin uwa hantarsa ce ke yi masa jini na wasu watanni. Jalinus fa birai da aladu ya feɗe, ba shi da madubin ganin ƙananan halittu.

Gyara ma daga cikin gida ya fara. Jalinus ya ce jini na ratsawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani. Ibn Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, ya ce sam, bangon nan ba shi da huda, ta huhu jinin ke zagayawa. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana yadda jini ke kewaya jiki gaba ɗaya.

Littafin kakanki ki adana shi, ki sa masa bango. Amma ranar jarrabawa, 'yata, ɓargo za ki rubuta.