Sunan da Aka Ajiye Kwana Uku

Ummi, saƙonki ya iso ni, kuma na ji daɗin tambayar. Kin ce kina karanta tarihin wani ɗan wasan fim na Ostareliya, sai kika ga da ya rasu jaridu sun koma kiransa David Dalaithngu, alhali duniya ta san shi da David Gulpilil. Kika ce ko irin alkunyarmu ce, ko kuwa camfi ne kawai. To, ki fara ajiye kalmar camfin nan a gefe, don ba ta dace da bakinki ba, ke da kanki ba a kiranki da sunanki na yanka.

Sunan mahaifiyarmu aka sa miki. Shi ya sa daga ni har babarki babu mai iya furta shi, muka tsaya a Ummi. Ita kuma tsohuwar, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin ta ambaci sunan babban yayanmu ba. Yana zaune gabanta da furfura, sai ta miƙo mini ƙwaryar fura ta ce, "Ba wa yaron nan." Wannan ita ce alkunyar ɗan fari. Mu rayayye muke jin nauyi: miji, suruki, ɗan fari. Mamaci kuwa muna kiran sunansa, mu ce marigayi wane, mu yi masa addu'a, har mu raɗa wa jariri sunan.

Nasu ya sha bamban. Gulpilil ɗan ƙabilar Yolngu ne, 'yan asalin yankin Arnhem Land a arewacin Ostareliya, mutanen da suke can dubban shekaru kafin zuwan Turawa. A wurinsu idan mutum ya rasu, sunansa yakan kwanta na wani lokaci, haka hotonsa da muryarsa. Wani lokacin har kalmar da ta yi kama da sunan sai a kauce mata. Suna yi ne don kada a fama wa dangi ciwo, kuma a imaninsu kiran sunan yana dagula wa ruhin tafiyarsa. Imanin ba namu ba ne, amma tausayin masu makoki da ke ciki ai ba baƙo ba ne a gare mu. Har gidajen talabijin na ƙasar sukan sa gargaɗi kafin shiri, cewa akwai hoto ko muryar wanda ya rasu.

Abin da ya sa lamarinsa ya yi nauyi, mutum ne da fuskarsa da sunansa su ne sana'arsa. An haife shi wajen 1953, ya tashi a daji yana farauta da rawar gargajiya. Yana da kimanin shekara 16 wani darakta ɗan Ingila, Nicolas Roeg, ya gan shi yana rawa a Maningrida, ya sa shi a fim ɗin Walkabout da ya fito a 1971. Kafin nan sau da yawa Bature ake shafa wa baƙi ya fito a matsayin ɗan ƙasa. Ni a kaset na fara ganinsa, cikin Crocodile Dundee na 1986. Ya ɓullo daga duhun daji da dare, fuska a shafe da farar ƙasa, ga wandon jins a ƙugunsa, yana taku kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. 'Yan mintoci ya yi, amma shi na riƙe.

Ba zan ɓoye miki ba, rayuwarsa ba sumul take ba. Duk da sunan da ya yi, ya daɗe yana zaune a 'yar bukka a garin Ramingining. Giya ta ɗaiɗaita shi, har a 2011 aka ɗaure shi saboda ya ji wa matarsa rauni, kuma wannan laifi ne da babu gwanintar da za ta wanke shi. A gidan yarin abokinsa darakta Rolf de Heer ya ziyarce shi, daga nan aka samo Charlie's Country, fim ɗin da ya ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa a wani rukuni na bikin fina-finai na Cannes a Faransa, 2014. A 2017 aka gano yana da sankarar huhu. Ya rasu ranar 29 ga Nuwamba 2021 a Murray Bridge, can kudu, nesa da ƙasar kakanninsa.

Nan ne abin ya burge ni. Dangi suka ce a kira shi Dalaithngu, kuma manyan jaridu da talabijin suka bi. Bayan kwana uku dangin da kansu suka ba da izinin a koma ga Gulpilil, domin shi ya so a ci gaba da tuna aikinsa da sunansa. Fim ɗin tarihinsa da ya fito a shekarar ma My Name Is Gulpilil aka sa masa. Masu al'adar ne suka ɗaure, su ne kuma suka kwance, ba wani ɗan jarida daga Sidni ba.

Idan za ki zo hutun Sallah ki taho mini da wannan fim ɗin tarihin nasa a wayarki, ina so mu kalla tare. Ki gaida babarki, ki tambaye ta yadda take kiran yayanki Abba idan baƙi suna nan.