Tambaya da Amsa: Fuskar zinaren nan ta Sarki Agamemnon ce kuwa?

Tambaya: Malam, na ga hoton wata fuskar zinare da aka tono a ƙasar Girka, wai ta Agamemnon ce, sarkin da ya jagoranci yaƙin Troy. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, zinaren na gaske ne, kabarin ma na gaske ne, amma sunan laƙaba mata shi aka yi.

An tono ta a kufan birnin Maisini, wanda Turawa ke rubutawa Mycenae, a kudancin Girka. Wanda ya tono ta wani attajirin Bajamushe ne, Heinrich Schliemann, ɗan kasuwa da ya ɗauki waƙoƙin Homer, tsohon mawaƙin Girka da ya ba da labarin yaƙin Troy, tamkar tarihi tsantsa. Ya karanta bayanin Pausanias, matafiyin ƙarni na 2 Miladiyya, cewa an binne Agamemnon a cikin ganuwar birnin. Sai a 1876 ya sa aka fara haƙa daga cikin Ƙofar Zakuna, babbar ƙofar birnin, ya kuwa faɗa kan kaburbura biyar masu zurfi kamar rijiya, cike da takubba da kofuna da kayan ado na zinare, har da wannan fuskar da aka rufe fuskar wani mamaci da ita. Nan take ya aika wa Sarki George na Ɗaya na Girka waya cewa ya gano makwancin Agamemnon. Mai nema dai ya samu abin da ya je nema.

Inda maganarsa ta rushe shi ne lissafin shekaru. Tukwane da makaman da ke cikin kaburburan sun nuna ƙarni na 16 kafin Miladiyya, alhali yaƙin Troy, in ma an yi shi, wajen 1200 kafin Miladiyya ake ƙiyasta shi. Mai fuskar nan ya riga Agamemnon da shekara kusan 300 ke nan.

To me ya sa kaburburan suke cikin birni? Asalinsu a wajen ganuwa suke. Wajen 1250 kafin Miladiyya aka faɗaɗa ganuwar, aka shigo da makabartar ciki, aka zagaye ta da faffaɗan duwatsu, alamar masu mulki na lokacin suna ɗaukar waɗannan mamata a matsayin kakanninsu. Ba a daɗe ba fadar ta ƙone, birnin ya koma ɗan ƙaramin gari. Duk da haka ya tura mutum 80 yaƙin Thermopylae da Farisawa a 480 kafin Miladiyya, kafin maƙwabtansa na birnin Argos su rusa shi a 468 kafin Miladiyya.

A ganina, wanda aka fi zalunta a labarin nan shi ne Panagiotis Stamatakis, jami'in da hukumar Girka ta sa ya sa ido kan aikin. Shi ne ya riƙa rubuta inda aka samu kowane abu yayin da Schliemann ke gaggawa, har suka yi ta sa-in-sa, kuma shi ya gano kabari na shida a 1877. Fuskar tana gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Athens, har yau da sunan Agamemnon ake kiranta.