Haya mai wa'adi ko ta shekara-shekara: amsa ga mai neman gida a Kubwa

Assalamu alaikum. Malam, ka ce an yi maka canjin wurin aiki zuwa Abuja, ka samu gida mai ɗaki biyu da falo a Kubwa, kuma mai gidan ya ba ka zaɓi: ko ku sa hannu a yarjejeniyar shekara biyu cif, ko ka riƙa biya shekara-shekara ba tare da an yanke ranar ƙarewa ba. Na zauna a gidajen haya a Kaduna da Abuja bisa tsarin nan biyu, don haka ga abin da na gani.

Yawancinmu da kuɗi muke auna lamarin, alhali babban bambancin sai ranar rabuwa yake bayyana. Idan haya ta shekara-shekara ce, wato mai sabunta kanta duk lokacin da shekara ta zagayo, dokar karɓe gidaje da ake aiki da ita a Abuja ta wajabta wa mai gida ya ba ɗan haya notis na wata shida kafin ya nemi gidansa, mai biyan wata-wata kuma notis na wata guda. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ma haka ta tanada. Amma haya mai wa'adi ita ke kawo ƙarshen kanta, domin ranar da aka rubuta a takarda ita ce notis ɗinka tun daga farko. Da zarar ta cika, abin da ya rage wa mai gida shi ne ya aiko da takardar kwana 7 mai sanar da niyyarsa ta zuwa kotu.

Na ga wannan a kan wani maƙwabcina, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya sa hannu a takardar shekara guda, ya ajiye ta a ƙasan akwati, yana zaton yana da wata shida kamar yadda ya saba ji a bakin mutane. Wa'adi na cika sai ga wasiƙar lauya, yara kuwa suna tsakiyar zangon karatu. Gaskiya ne cewa mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, ko yanke wuta, ko fitar da kaya waje sai da hukuncin kotu, amma duk kwanan da mutum ya ƙara bayan wa'adi sai ya biya, ban da zirga-zirgar kotu da zubewar mutunci a idon unguwa.

Duk da haka, haya mai wa'adi tana da alfanun da ba a raina shi a wannan zamani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, masu gidaje da dama suke ƙara kuɗi duk shekara, wasu ma ninkawa suke yi. Wanda ya ƙulla shekara biyu a kan farashi ɗaya ya tsira daga wannan, kuma muddin yana cika sharuɗɗa ba mai tayar da shi kafin lokaci. Illarta kuwa ita ce, yadda ta ɗaure mai gida haka ta ɗaure ka. Kai ma'aikaci ne, wanda ya kawo ka Abuja yau yana iya mayar da kai Gombe baɗi, kuma karɓo ragowar kuɗi daga hannun mai gidan da ya riga ya zuba su a wani ginin sai an kai ruwa rana. Ka kuma tambayi dillali tun yanzu ko la'adarsa ta kashi 10 a kan kuɗin shekara ɗaya zai lissafa ko na duka biyun, domin wasu a nan suke yi wa baƙo wayo.

Malamanmu na Malikiyya ma sun daɗe da rarrabe waɗannan biyun. Hayar da aka ambaci ƙayyadadden lokacinta, wadda suke kira wajiba, ta lizimci ɓangarorin biyu har ƙarshe, kuma rasuwar mai gida ko sayar da gidan ba ya warware ta. Ta wata-wata kuwa, wato mushahara, kowa yana iya janyewa, sai dai gwargwadon lokacin da aka riga aka biya. Na kawo wannan ne saboda idan mai gidan naka mai kiyaye addini ne, sau da yawa tunatarwa ta wannan fuska ta fi ambaton kotu tasiri a zuciyarsa.

Akwai wani tarko da ya kamata ka kula da shi. Wata shidan nan da doka ta bayar yana aiki ne idan ba ku rubuta wani abu daban ba. Da yawa daga cikin takardun da lauyoyin masu gidaje suke shiryawa sukan rage shi zuwa wata uku, ko ma wata ɗaya, a cikin wani layi can shafi na ƙarshe, kuma kotu da abin da ka sa wa hannu za ta yi aiki. Haka nan rasit: ka duba abin da aka rubuta a jikinsa, ka kuma adana kowane ɗaya, domin idan gardama ta tashi a kan wane irin ɗan haya ne kai, da shi za a fara kafa hujja.

Ni dai da ni ne a matsayinka, ba zan ɗaure kaina shekara biyu a gidan da ban yi damina a cikinsa ba. Gida a watan Janairu duk mai kyau ne. Sai Agusta ake sanin rufin da ke yoyo da layin da ruwa ke kwanciya a kai. Ba ka kuma ɗanɗani cunkoson hanyar Kubwa da safe ba, ba ka san yanayin wuta da ruwan unguwar ba. Saboda haka shekarar farko ka ɗauki ta shekara-shekara, amma a rubuce, a ambaci notis na wata shida ƙarara, a kuma rubuta cewa duk ƙarin kuɗi sai an sanar da kai aƙalla wata uku kafin shekara ta zagayo.

Idan shekara ta yi, gida ya karɓe ku, yara sun samu makaranta, a nan ne za ka nemi mai wa'adin, bisa sharuɗɗa uku. A riƙa biya shekara-shekara ko da wa'adin na shekara biyu ne, tunda tsawon yarjejeniya daban, yadda ake biya daban. A ba ka damar fita da notis idan an canza maka wurin aiki, tare da mayar maka da ragowar kuɗinka ko barinka ka kawo wanda zai ƙarasa. Sannan a rubuta cewa wanda ba ya son sabuntawa zai sanar da ɗan'uwansa wata uku kafin wa'adi ya cika. Kafin ka sa hannu, ka kai takardar wurin lauyan da kai ka nemo, ba wanda mai gida ya ɗauka ba, ko da kuwa daga aljihunka aka cire kuɗin wancan ɗin.