Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Kwale-kwale a Tafkin Volta

Tambaya: Ina sana'ar kyafaffen kifi a Aboabo da ke Kumasi, kuma ina so in sayi kwale-kwale mai inji domin ɗauko kaya daga tsibiran da ke kusa da Yeji. Shin in sayi sabon inji, ko na hannu ya wadatar?

Amsa: Alhaji, kafin maganar inji sai an yi maganar ruwan. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya mamaye dazuzzuka ba a sare itatuwansu ba, kuma har yau kututturan suna tsaye a cikin tafkin. Idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani, kawunansu sukan matso dab da saman ruwa, inda ido ba ya ganinsu amma gindin jirgi yana samunsu. Saboda haka a ganina kuɗinka su fara tafiya kan kwale-kwale mai kaurin katako da kuma matuƙi ɗan yankin wanda ya san hanyoyin da ake bi tsakanin tsibiran.

Injin na hannu ba laifi, muddin makaniken da ka amince da shi ya gwada shi a cikin ruwa. A tayar da shi yana da sanyi, a duba ko ruwan da ke sanyaya shi yana fita da ƙarfi ta 'yar ƙofar baya, sannan a kwance man giya a gani, domin idan ya yi fari-fari kamar madara to ruwa ya shiga. Mai ƙarfin doki 40 irin na Yamaha ya yawaita a tafkin, don haka kayan gyaransa ba sa wuyar samu. Ka ajiye farfela ta biyu a cikin jirgin, kuma ka hana matuƙinka yin lodin da ya wuce kima ranar kasuwa, komai matsin fasinjoji.

Tambaya: Daga Nima nake. Muna so mu kai yara tsibirin Dodi a lokacin hutu. Me za mu tanada?

Amsa: Hajiya, daga Akosombo ake tashi. Kafin ki biya kuɗi, ki tambaya ko akwai rigar ceto daidai jikin kowane yaro, domin ta manya takan sulluɓe daga jikin ƙaramin yaro a cikin ruwa. Idan tafiyar ta faɗo a farkon damina, ku tashi da safe, saboda hadari mai iska ya fi tasowa da yamma.