Fatawa: Matar da ta kai ɗanta asibiti cikin dare ba da izinin mijinta ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a cikin birnin Zariya. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanyar kudu, kuma ya kafa mini doka kada in taka ƙofar gida sai da izininsa. A daminar nan ɗana mai shekara 2 ya wuni da zazzaɓi, cikin dare sai ya fara jijjiga, idanunsa suka juye, na kira sunansa bai amsa ba. Na buga wa babansa waya, a kashe. Surukata ta ce iska ce, a yi masa hayaƙi, in gari ya waye a karɓo rubutu. Na kasa jira, na goya shi, na buga wa maƙwabciyata ƙofa, ɗanta ya kai mu asibiti a Keke Napep. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, har aka yi masa ƙarin jini. Yanzu ya warware, alhamdu lillahi. Da maigida ya dawo ya yi fushi, ya ce na saɓa masa, Hajiya kuma ta ce mala'iku sun yi ta tsine mini har na dawo. Malam, ina da laifi a wurin Allah? Kuma yaya zan gane ciwon da ya halatta in fita dominsa ba tare da jiran kowa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, ba ki da laifi. Wajibi kika sauke a daren nan, kuma da kin zauna kina kallon yaron har gari ya waye alhali kina da halin fita, to a nan ne za a ji miki tsoron zunubi. Na fara da hukuncin ne don hankalinki ya kwanta. Ga dalilan, domin maigidanki da Hajiya su ma ya kamata su ji a kan me aka gina shi.

Ba a musun cewa miji yana da haƙƙi a nemi izininsa kafin a fita. Wannan shi ne asali. Amma Annabi (SAW) ya sanya wa kowace irin biyayya iyaka a hadisin Sayyidina Ali da Bukhari da Muslim suka ruwaito: babu biyayya cikin saɓon Allah, biyayya tana cikin abin da aka sani na alheri ne kawai. Barin yaro ya halaka ana iya cetonsa saɓo ne. Malaman fiƙihu na mazhabobi sun daɗe da keɓe lalura daga wannan haƙƙi. Idan gobara ta tashi a gida, babu malamin da zai ce mace ta zauna a ɗaki sai miji ya ɗaga waya. Ko Risala da yaranmu ke karantawa a zaurukan Zazzau, inda ta yi maganar fitar mace, ta ce kada ta fita sai a suturce cikin abin da ba makawa gare ta daga gare shi. Ran ɗanki yana kan gaba a cikin abubuwan da ba makawa.

Maganar tsinuwar mala'iku ga matar da ta fita ba izini tana yawo a bakin mutane, sai dai malaman hadisi sun raunana ruwayoyinta. Ko da a ce ta inganta, tana magana ne a kan mai fitar ganin dama da bijirewa, ba uwa mai gudu da ɗa a goye yana jijjiga ba. Wanda ya inganta shi ne hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim: kowannenku makiyayi ne kuma abin tambaya ne a kan kiwonsa, mace makiyayiya ce a gidan mijinta da 'ya'yansa, kuma za a tambaye ta a kansu. Ba zai yiwu Allah ya ce zai tambaye ki a kan yaro, sannan ya tsine miki don kin tsare shi ba.

Wani ɗalibin ilimi zai ce ai malamai da yawa na da ba su wajabta neman magani ba, har ya kawo hadisin Ibn Abbas na matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri da Aljanna. Haka ne. Amma wannan baliga ce mai hankali, ta zaɓar wa kanta. Yaro ɗan shekara 2 bai zaɓi komai ba, kuma waliyyi ba shi da ikon yin haƙuri da ran wani. Ƙa'idar ita ce duk abin da waliyyi zai yi a kan wanda ke ƙarƙashinsa an ɗaure shi da maslahar shi wancan. Sannan malaman da suka sassauta suna magana ne a kan magungunan da amfaninsu zato ne. Allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ƙarin jini ga yaron da jininsa ya ƙone ba irin wannan ba ne, an jarraba su, an ga suna ceton rai da izinin Allah. Shi ya sa Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a shekarar 1992, ta yanke cewa magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai ko gaɓa ko nakasa, cewa ba a la'akari da hanin waliyyi idan cutarwarsa a fili take, kuma cewa a halin gaggawa da rai ke cikin haɗari magani ba ya tsayawa jiran izini.

A mazhabarmu ta Malikiyya akwai abin da ya fi wannan kusa da ke. Mai ciki da mai shayarwa, idan suka ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani ga ɗansu, ajiye azumin Ramadan wajibi ne a kansu, haka yake a Muhtasar na Shehu Halil. Rukunin Musulunci guda aka ɗage saboda tsoro a kan jariri. To ina ga umarnin miji? Ki lura kuma, tsoro mai rinjaye aka sharɗanta, ba yaƙini ba. Saboda haka ko da kin je asibiti likita ya ce abin da sauƙi, ba ki yi laifi ba.

Yanzu sai tambayarki ta biyu, kuma ita ce ta fi damuna, domin yawancin yaran da muke yi wa sallah a unguwanninmu ba rashin son iyaye ne ya kashe su ba, jinkiri ne. Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 43, ku tambayi ma'abota sani idan ba ku sani ba. Ma'abota sanin jikin yaro su ne likitoci, kuma Annabi (SAW) da kansa ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likita, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Abin da zan faɗa daga wurinsu yake, aikina shi ne in ɗora hukunci a kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware alamu huɗu da ta ce kowace ɗaya daga ciki haɗari ce ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko mene ne ciwon: ya kasa shan ruwa ko kama nono, ya riƙa amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi laƙwas ana tashinsa ba ya tashi sosai, balle ya suma. Ɗanki ya haɗa biyu. Zazzaɓin cizon sauro idan ya kai haka yana iya kashe yaro cikin awa 24, kuma a damina shi ne babban mai ɗauke mana ƙanana.

Sai numfashi. Ki buɗe masa riga yana kwance ba ya kuka, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Wannan kaɗai ya isa a nemi ma'aikacin lafiya a ranar. Idan kuwa ƙasan haƙarƙarinsa yana shigewa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko yana nishi, ko numfashin yana ƙara, ko leɓɓansa sun sauya launi, to tafiya ce nan take. Haka idan maƙogwaro ya yi ciwo, wuya ya kumbura, haɗiya ta gagara, musamman da yake mashaƙo ta addabi jihohin arewa tun ƙarshen 2022. Zazzaɓi da sandarewar wuya kuwa, duk wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, ba sai an yi masa bayani ba.

A gudawa da amai, a fara ba da ruwan gishiri da sukari tun a gida. Amma idan idanu suka zurma, maɗiga ta faɗa, aka tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini a bayan gida, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Faɗawar maɗiga ba ta buƙatar a shafa mata komai, ƙarin ruwa take nema. Ina roƙon iyaye mata su daina jingina irin wannan ga haƙori. Haƙori ba ya sa yaro ya sume. Tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, ko ƙafafu biyu su kumbura, su ma ba na jira ba ne. Mai sikila da ya yi zazzaɓi ba a kwana da shi a gida. Sabon haihuwa kuma lamarinsa ya fi na kowa sauri: zafin jiki ko sanyin da ya wuce kima, ƙin nono, cibiya ta yi ja ko ruwa, shawara a ranar farko ko wadda ta sauka har tafin hannu da ƙafa, duk a tafi. Yaron da ya sha kananzir ko fiya-fiya kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a ɗauki kwalbar a tafi da ita.

Hukuncin duk waɗannan ɗaya ne: kai shi asibiti wajibi ne a take, a kan wanda ke wurin, uwa ce ko kaka ko kishiyar uwa, da izini ko babu. Amma mura da tari mai sauƙi, ko zazzaɓi a jikin yaron da ya tasa, yana ci yana sha yana wasa, wannan ba ya kawar da haƙƙin miji. A sanar da shi, a je asibitin unguwa da safe a gwada jini, kada zazzaɓin ya wuce kwana guda ba a gwada ba.

Game da Hajiya, ki girmama ta, jikanta take so. Tofi da addu'a gaskiya ne, Annabi (SAW) ya yi kuma ya yi izini. Kuskuren shi ne a mayar da su dalilin jinkiri. Ki karanta Fatiha da Falaƙi da Nasi a kansa kuna cikin Keke, babu abin da ya hana. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Hayaƙi kuwa ga yaron da numfashi ke yi wa wuya cutarwa ne, haka cusa cokali a baki, ko ɗura ruwan rubutu ga wanda ba ya cikin hayyacinsa, domin yana iya wucewa huhu. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa tufafi, kada a sa komai a bakinsa. Akwai hadisin da nake so kakanni su sani. Ummu Ƙais 'yar Mihsan ta kawo ɗanta wurin Annabi (SAW) bayan ta danna masa maƙogwaro da yatsa saboda ciwon wuya, irin al'adar matan lokacin, sai ya ce don me kuke matse wa 'ya'yanku maƙogwaro haka? Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Al'ada ce ta iyaye da kakanni, da kyakkyawar niyya, amma ya hana saboda tana azabtar da yaro. Masu kiran wanzami ya cire beli ga yaro mai zazzaɓi su duba wannan.

Kai kuma ɗan'uwa maigida, ka ji tsoron Allah, ka gode wa iyalinka maimakon fushi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Tunda sana'arka ta tafiya ce, wajibinka ne ka ba ta izini a buɗe tun yanzu a kan lalurar lafiya, ka faɗa a gaban Hajiya don kada a sake jayayya, ka ajiye kuɗin da ba a taɓawa sai don wannan, ka yi magana da amintaccen maƙwabci mai abin hawa. Ku kuma tsayar da inda za a nufa tun da rana tsaka: daga cikin birni Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ya fi kusa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kuma yana da sashen gaggawa na yara. Mai kemis ba wurin kai mai jijjiga ba ne. Kuma ka kiyayi rataya saki a kan fita. Wanda ya riga ya yi, matarsa za ta fita ta ceci ɗanta duk da haka, maganar auren kuma a kai wa alƙali ya duba lafazin da niyyar.

Shiga abin hawan wanda ba muharrami ba cikin dare, in an sami mace ko yaro mai wayo ya raka ya fi. In ba a samu ba, lalura ta halatta, kuma zirga-zirgar cikin gari ba ita ce tafiyar da ake sharɗanta wa muharrami ba. Ƙarin jini halal ne.

Maƙwabta su ma hukuncin ya hau kansu. Shehu Halil ya ambata cewa wanda ya bar ceton ran da ke halaka alhali yana da iko, ko ya hana zaren da za a ɗinke raunin da ya huda ciki, to akwai lamuni a kansa. Duk wanda aka buga wa ƙofa cikin dare a kan yaro mai irin alamun nan, yana da mota ko babur ko Keke, fita ta zama dole a kansa idan babu wani, ko da mijin matar ba ya gari, ko da akwai saɓani tsakanin gidajen biyu.

Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya raya shi a kan Musulunci. Allah ne mafi sani.