Tambaya da Amsa: Ranar Matattu a Meziko

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga hotunan mutanen ƙasar Meziko sun yi wa fuskokinsu zanen ƙoƙon kan mamaci suna jerin gwano a kan titi, aka ce mini wai bikin matattu suke yi. Abin ya ɗaure mini kai, domin ban san yadda mutuwa za ta zama abin biki ba. Mene ne asalin wannan al'ada, kuma me suke nufi da ita? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, mun gode da tambayarki. Abin da kika gani shi ne Día de Muertos, wato Ranar Matattu, wadda ake yi a ranakun 1 da 2 ga watan Nuwamba. Ranar farko ta yaran da suka rasu ce, ta biyu kuma ta manya. Babban jerin gwanon birnin Meziko kuwa baƙon abu ne, domin a 2016 aka fara shi, bayan wani fim na James Bond da ya fito a 2015 ya nuna irinsa. Ainihin al'adar tana cikin gidaje da maƙabartu.

A imanin masu wannan al'ada, rayukan 'yan uwansu da suka rasu kan kawo musu ziyara sau ɗaya a shekara, saboda haka sai su shirya musu tarba irin wadda ake yi wa baƙon da ya sha hanya. A kan tebur mai hawa-hawa da suke kira ofrenda, sukan ajiye hoton mamacin da kyandir da gishiri da kofin ruwa domin ƙishirwar tafiya, su ƙona turaren copal da ake samu daga ƙaron itace, su kawo wani burodi mai zaƙi wanda aka yi wa ado da siffar ƙasusuwa. Sai kuma abincin da mamacin ya fi so yana raye. Idan yaro ne, a sa masa alewa da kayan wasansa. A wasu gidajen ana barbaɗa furen cempasúchil mai launin ruwan goro tun daga bakin ƙofa har gaban teburin, domin launinsa da ƙamshinsa su nuna wa baƙon hanya. A ganina nan ne amsar tambayarki take, domin uwar da ta jera wa ɗanta kayan wasansa ba ta manta da zafin rashinsa ba, so take yi a ci gaba da ambaton sunansa a gidan.

A tsibirin Janitzio da ke tafkin Pátzcuaro a jihar Michoacán, 'yan ƙabilar Purépecha kan kwana a maƙabarta, kowane iyali a gefen kabarin nasu, da kyandirori da kwandunan abinci, suna addu'a har gari ya waye. A garin Pomuch na jihar Campeche kuwa, idan mamaci ya cika shekara uku a kabari, ana kwashe ƙasusuwansa a zuba cikin akwatin katako, kuma duk shekara dangi kan zo su share musu ƙura da buroshi, su sauya ƙyallen da aka yi wa aikin zare wanda ƙasusuwan suke kai.

Game da asali, al'adu biyu ne suka gauraya. Aztek, wato al'ummar da ke mulkin tsakiyar Meziko kafin zuwan Turawa, da maƙwabtansu sun daɗe suna bukukuwan tunawa da matattu, sun kuma yi imani da wata lahira mai suna Mictlán, wadda rai kan yi tafiyar shekara huɗu kafin ya isa. Bayan Turawan Sifen sun ci Tenochtitlan, babban birnin Aztek, da yaƙi a 1521, cocin Katolika ya kawo ranakunsa na tunawa da waliyyai da matattu, waɗanda su ne 1 da 2 ga Nuwamba. Masana tarihi har yau suna da saɓani a kan wane ɓangare ya fi rinjaye, amma a 2008 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Idan ranakun suka wuce, iyali kan taru su ci abincin da ke kan teburin, su raba wa dangi da maƙwabta, suna cewa baƙin sun riga sun ɗauke ƙamshinsa da ɗanɗanonsa sun koma.