Maigidana Yana So Mu Bar Landan Mu Koma Ƙauyen Masu Hali

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da aiki, tare da fatan kina lafiya ke da iyali. Ni matar aure ce, muna zaune a kudancin Landan ni da maigidana da yaranmu biyu, babban yana da shekara uku da rabi, ƙaramar kuma tana goye. Maigidana yana aikin kwamfuta a wani kamfani kusa da tashar Farringdon, kwana uku a mako yake zuwa ofis, sauran biyun kuma yana aiki a gida. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce, yanzu ina hutun haihuwa, kuma ina sa ran komawa bakin aiki nan da 'yan watanni.

Gidan da muke haya ciki biyu ne da falo a hawa na uku, babu tsakar gida, kullum sai na sauko da keken jaririya a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da yaron. Da Allah ya buɗa wa maigidan ya samu ƙarin girma, sai ya ce lokaci ya yi da za mu sayi namu a wajen Landan, kuma har ya ga wani gida a Wheathampstead, wani ƙauyen masu hali da ke kusa da garin Harpenden a arewa da Landan, mai ɗaki huɗu da fili a baya. Ya ce wurin babu hayaniya, makarantunsa suna da kyau, kuma jirgin ƙasa daga Harpenden zuwa ofishinsu kamar rabin awa ne.

Gidan ya yi kyau, ba zan ɓoye miki ba, amma tun da muka dawo daga ganinsa zuciyata ba ta kwanta ba. Ban riga na samu lasisin tuƙi na ƙasar nan ba. A nan ina da maƙwabciya Bakanuwa wadda ita ta tsaya mini lokacin jego, muna zuwa masallaci a Old Kent Road, kuma a Peckham nake sayen kuka da daddawa da manja. Da na yi masa maganar, sai ya ce wai na fi son zumunci a kan ci gaban yara, surukata ma ta kira ta ce mace inda mijinta ya sa ƙafa nan take bi. Ni ba tashin nake ƙi ba, tsoro nake ji kada a kai ni inda zan wuni ban ga wanda zan yi wa sallama ba. Yaya za mu zaɓi gari, kuma ta wace hanya zan fahimtar da shi ba tare da ya ga na raina ƙoƙarinsa ba?

'Yarki daga Landan

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya yaran, ya kuma sanya albarka a ƙarin girman da maigidanki ya samu. Abin da yake nema wa iyalinsa abu ne mai kyau, domin yara biyu a hawa na uku babu wurin gudu takura ce ta gaske, kuma mutumin da ya samu buɗi ya fara tunanin gida ya cancanci godiya. Sai dai lissafin da ya kawo miki lissafin wanda zai fita da safe ne ya dawo da dare, alhali ke da yaran ne za ku wuni a garin, saboda haka wuninku ne ya kamata a fara aunawa kafin a auna tafiyarsa.

Wannan rabin awa da yake faɗa daga tasha ne zuwa tasha. Wheathampstead ba ta da tashar jirgin ƙasa tun da aka rufe wadda take da ita a 1965, don haka sai ya tuƙa mota kimanin mil uku zuwa Harpenden, ya nemi wurin ajiyewa ya biya, ya jira jirgi, sannan ya taka daga Farringdon zuwa ofis. Idan aka haɗa duka, daga ƙofar gida zuwa teburinsa ba zai rasa awa guda ba, wannan ma a ranar da jirgi bai yi latti ba. Motar kuma za ta wuni a tasha. Ko da kin samu lasisi gobe, a waɗannan kwanaki uku kina gida babu mota sai in an sayi ta biyu, kuma idan zazzaɓi ya kama jaririya da rana, bas ɗin ƙauye da ba ya zuwa akai-akai za ki tsaya jira da yara biyu cikin sanyi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne komawarki aiki, wanda ban ga an sa shi cikin shawarar ba. Ke kin fi ni sanin cewa aikin jinya a asibiti yakan kama tun bakwai na safe ko da rabi, ya kai awa goma sha biyu, yawancin gidajen rainon yara kuwa ƙarfe shida na yamma suke rufewa, kuma suna cajin wanda ya makara. To ranar da kike bakin aiki, shi kuma jirginsa ya tsaya a hanya, wa zai ɗauko yaran? A inda kike yanzu kina da Bakanuwar maƙwabciyarki, can kuwa sai kun gina irin wannan amana daga farko, kuma hakan yakan ɗauki lokaci. Ki fara duba asibitocin yankin, kamar na Luton and Dunstable da na Watford, ki ga wanda za ki iya kaiwa da asuba daga gidan da ake magana.

Sai batun kuɗi. Tikitin jirgi na shekara daga wannan yanki zuwa Landan ya haura fam 4,000, ga kuɗin ajiye mota, ga harajin ƙaramar hukuma da ke ƙaruwa da darajar gida, ga ɗumama ɗaki huɗu a lokacin hunturu. Ku kuma bincika ko ƙarin albashin ya kai shi sama da fam 100,000 a shekara, domin idan ɗaya daga cikin iyaye ya wuce wannan adadi, iyalin sukan rasa tallafin awa 30 na rainon yara da gwamnati ke bai wa iyaye ma'aikata. Idan kuma kuna guje wa bashi mai kuɗin ruwa, akwai bankunan da ke sayar da gida bisa tsarin Musulunci, amma sai kun kwatanta abin da za ku riƙa biya a wata kafin ku sa rai da wani gida. Na fi so ku zauna inda za ku biya komai har ku samu rarar kuɗin zuwa gida ganin iyaye, da ku shiga unguwar attajirai kuna kame-kame a ƙarshen kowane wata.

Game da makaranta, lokaci ya fara ƙure muku. A Ingila yaro yana shiga ajin farko na firamare a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara huɗu, ana rufe karɓar takardun neman gurbi ranar 15 ga Janairu, sakamako ya fito a tsakiyar Afrilu. Makarantun gwamnati da ake rububinsu sukan fifita wanda gidansa ya fi kusa, kuma adireshin da kuke zaune a ciki lokacin nema shi ake dubawa. Zama a gari mai makarantu masu kyau bai tabbatar wa ɗanki gurbi ba, sai kun duba bayanan hukumar gundumar Hertfordshire kun ga iya nisan da aka ɗauki yara bara. Ku je makarantar da kanku, ki dubi filin wasa, ki tambayi shugabar yadda suke yi da abincin halal da hutun Sallah. Yadda za ta amsa zai nuna miki ko sun saba da yara irin naki.

Da ni ce, da St Albans, wani gari da ke kusa da ƙauyen, zan fara dubawa, musamman unguwannin da ake iya takawa daga cikinsu zuwa tasha. Layin jirgin ɗaya ne, na Thameslink, kuma ta fi Harpenden kusa da Landan, har akwai jirgin da zai kai ki tashar London Bridge da ke kudancin Landan kai tsaye ranar da kewar mutanenki ta taso. Akwai masallatai da shagunan nama na halal a kan titin Hatfield Road, akwai kasuwa ranar Laraba da Asabar, akwai babban filin shaƙatawa na Verulamium. Gari ne mai tsada ƙwarai, wataƙila kuɗin ɗaki huɗu na ƙauye ɗaki uku zai saya muku, amma kin samu wurin da ƙafarki za ta kai ki likita da makaranta da masallaci. Cikin garin Harpenden ma ya fi ƙauyen sauƙi a gare ki, tunda Luton tana kamar minti goma a jirgi, kuma ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna Luton Musulmi ne.

Kada ku saya tukuna. Ku kama haya ta shekara guda a unguwar makarantar da kuke so, ku ga hunturunta, lokacin da duhu ke shiga tun ƙarfe huɗu na yamma. Kafin nan ki roƙe shi ya ɗauki hutun kwana ɗaya a tsakiyar mako, ku bar mota, ku je Wheathampstead da keken jaririya, ku gwada zuwa wurin likita da kanti da tasha a bas, sannan ku yi haka a St Albans, tunda gani ya kori ji.

Wajen magana da shi, ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ki fara da yi masa godiya, ki faɗa masa a fili cewa kin yarda a tashi, domin ina zaton abin da ya ji daga gare ki shi ne ƙi. Sai ki ajiye masa takarda mai ɗauke da mako guda na rayuwarku bayan kin koma aiki, awa bayan awa, ku cike ta tare. Surukarki kuwa ki amsa mata da ladabi cewa kuna kan shawara da ɗanta, kada ki ja zancen da ita. Ki kuma nemi mai koyar da tuƙi tun wannan makon, ki yi rajistar jarrabawa da wuri saboda layin yana da tsawo, domin duk garin da kuka zaɓa za ki buƙaci lasisin.

Anti